Daga Tangaraho Zuwa Katin Modem: Tarihin Waya a Ƙasar Kano da Yadda Ta Tsallake Ƙauye

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin ajiyar kaya na wata tsohuwar ma'aikata a Kano ko Zariya, mai yiwuwa ne ya tarar da tulin kwamfutocin tebur da aka daina aiki da su, ƙura ta lulluɓe su. In aka kwance bayan ɗaya daga ciki, sau da yawa akan ga wani ɗan falle kore wanda bai fi tafin hannu ba, an soke shi cikin gurbinsa, yana da kafa biyu irin waɗanda ake cusa wayar tarho. Wannan falle shi ne katin modem. A zamaninsa shi ne ƙofar da kwamfutar gida ko ta ofis take bi ta gana da sauran kwamfutocin duniya.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin wannan ɗan kati, a ga inda ya fito, da irin aikin da ya yi, da dalilin da ya sa ya zo ƙasar Kano ya wuce ba tare da yawancin mutanenta sun ko gan shi ba. Za a ɗauki garin Beli, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Rogo a ƙasar Karaye, yamma da birnin Kano, a matsayin ma'auni. Dalili kuwa shi ne katin modem ba ya amfani sai da waya, ita kuwa waya tana da nata tarihin, wanda ya girmi kwamfuta da shekaru masu yawa. Wanda ya fahimci inda aka ja waya da inda aka ƙi ja, ya fahimci wani babban ɓangare na tarihin mulki da tattalin arzikin ƙasar nan.

1. Saƙo kafin zuwan waya

Kafin zuwan Turawa, saurin saƙo a ƙasar Hausa bai wuce saurin doki ba. Sarki yakan sa magatakarda ya rubuta wasiƙa da Larabci, a buga mata hatimi, a danƙa wa manzo, shi kuma ya hau ya bi zango-zango har ya isa. Labarin ciniki kuwa fatake ne da 'yan koli ke yawo da shi daga kasuwa zuwa kasuwa. Umarnin da ya shafi talakawa yakan sauko daga fada zuwa ga hakimi, daga hakimi ta hannun jakada zuwa ga dagaci, sa'an nan mai shela ya zaga gari da shi. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya tashi daga Kano cikin watan Fabrairu na 1824, bai shiga Sakkwato ba sai tsakiyar watan Maris, watau ya yi kimanin mako uku a hanya.

Abin lura a nan shi ne wannan tsari, duk da jinkirinsa, bai bambanta birni da ƙauye ƙwarai ba. Dokin da ya kai Kano shi ne zai kai Karaye. Ita Karaye kuwa tsohon gari ne na bakin iyaka, wanda sunansa ya fito a littafin Tarihin Kano cikin labarin yaƙe-yaƙen Kanawa da Katsinawa na ƙarni na 17. Ƙasar Rogo, inda Beli take, har yau tana maƙwabtaka da jihohin Katsina da Kaduna. Saboda haka mutanen wannan yanki ba a bayan dutse suke ba. Suna kan hanyoyin da suka haɗa Kano da Zazzau da kudancin Katsina, labari kuma yakan iso musu kamar yadda yake isa ga kowa.

2. Tangaraho da dogo

A 1844 Samuel Morse ya aika da saƙon tangaraho daga Washington zuwa Baltimore a Amurka. Dabarar mai sauƙi ce: a saki wutar lantarki cikin waya, a tsayar, a sake saki, wani bugu gajere wani dogo, kowane harafi da nasa tsarin bugun. A 1886 aka haɗa Ikko, watau Legas, da London ta wayar ƙarƙashin teku. A ƙarshen shekarun 1890 aka ja waya daga Ikko zuwa Jaba, a lokacin da Ingila da Faransa ke rige-rigen mallakar ƙasar Bargu. Ke nan tun farkon fari bukatar soja ce ta kawo waya bakin Kwara.

Bayan da aka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka kuma ci Sakkwato cikin watan Maris na wannan shekara, sai Gwamna Lugga ya dukufa wajen haɗa hedikwatarsa ta Zungeru da manyan garuruwan larduna. Turawan mulki 'yan kaɗan ne a cikin ƙasa mai faɗi, don haka waya ta zame musu abin da ke ninka ƙarfinsu. Razdan yana iya neman soja da safe, amsa ta zo masa kafin la'asar. Daga ofishin Razdan zuwa ƙasa kuwa, tsohon tsari aka bari. Saƙon da ya zo Kano cikin ƙiftawar ido, sai a danƙa shi ga dogari ko masinjan En'e, ya hau doki ko keke ya nufi Karaye.

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912, cinikin gyaɗa kuma ya bunƙasa nan take. Jirgin ƙasa ba ya tafiya sai da tangaraho, domin da shi tasha take sanar da tasha cewa hanya a buɗe take. Saboda haka duk inda dogo ya bi, falwaya ta bi. Hanyar Zariya zuwa Kano ta ratsa ta Dangora da Calawa. Wadda ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau kuwa ta isa Ƙauran Namoda a 1929. In mai karatu ya duba taswira zai ga ƙasar Rogo ta faɗa tsakanin waɗannan hanyoyi biyu, ɗaya ta gabas, ɗaya ta yamma, babu wadda ta taka ta. Manomin Beli ya noma gyaɗa da audugar da jirgin ya ɗauka, ya kuma biya harajin da aka yi aikin da shi, amma falwaya ba ta bi ta ƙofar gidansa ba. Wannan shi ne tsallakewa na farko, kuma a kansa sauran suka ginu.

3. Tarho da rediyo

Alexander Graham Bell ya yi rajistar tarho a 1876, ofisoshin gwamnati a Ikko kuma suka fara samunsa a 1893. Bambancinsa da tangaraho shi ne kowane mai tarho sai an ja masa tasa wayar ta jan ƙarfe, tun daga ɗakin haɗa layi har cikin gidansa. Kuɗin aikin yana ƙaruwa da kowane taku. A birni, inda gidaje ke manne da juna, mil ɗaya na waya yana iya ɗaukar mutum ɗari. A karkara kuwa sai a ja mil goma saboda mutum ɗaya. Wannan lissafi shi ya mallaki Ma'aikatar Gidan Waya da Tangaraho tun zamanin Turawa. Ran da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, layukan tarho 18,724 ne a ƙasar da ke da mutum wajen miliyan 40. Layi ɗaya ke nan ga mutum fiye da 2,000, kuma galibinsu a ofisoshin gwamnati da na kamfanoni da unguwannin Turawa suke.

Akwai wani darasi a tarihin rediyo wanda ya kamata a ajiye a zuci. Rediyon farko da jama'ar birnin Kano suka sani mai waya ne. A 1944 aka buɗe tashar rarraba shirye-shirye a Kano, wadda ke aika murya ta waya zuwa akwatunan da aka kakkafa a gidaje da dandali. Wannan akwati bai fita bayan gari ba, domin wayarsa ba ta fita ba. Amma da ƙaramin rediyo mai batir ya shigo kasuwa, aka kuma buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sai ga manomi a gona da makiyayi a daji kowa rataye da nasa. Abin da waya ta kasa kaiwa ƙauye, iska ta kai shi cikin 'yan shekaru.

Bayan mulkin kai an yi ta tsara shirye-shiryen raya ƙasa, kowanne da alkawarin ƙarin layuka. An buɗe tashar tauraron ɗan'adam ta Lanlate a 1971. A 1985 aka haɗa sashen tarho na Gidan Waya da kamfanin sadarwar ƙasashen waje, aka kafa NITEL. Duk da haka, zuwa shekarar 2000 layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'a sun kai wajen miliyan 120. Mai neman layi yakan cika takarda ya jira shekaru. Wanda ya samu kuma yana fama da katsewa, musamman da damina, in ruwa ya shiga ramukan waya, ko ɓarayi suka yanke ta saboda jan ƙarfen da ke ciki. A cikin wannan hali ne katin modem ya iso.

4. Asalin modem da katinsa

Kwamfuta ba ta san kome ba sai alamu biyu, sifiri da ɗaya, kowace alama kuma ana kiranta bit. Wayar tarho kuwa don muryar ɗan'adam aka gina ta, tana ɗaukar sautin da ke kaɗawa tsakanin sau 300 zuwa sau 3,400 a daƙiƙa. Aikin modem shi ne tafinta tsakanin waɗannan biyu. Yana mai da alamun kwamfuta su zama sauti, ya tura su cikin waya, ɗan'uwansa da ke ɗaya bakin kuma ya mai da sautin ya koma alamu. Sunan ma daga nan ya samo asali, gutsuren kalmomin Ingilishi biyu ne masu nufin juyawa da mayarwa. Wanda ya taɓa jin ƙugi da shewar da kwamfuta ke yi in tana neman shiga intanet ta tarho, to, gaisuwar modem biyu ya ji, suna daidaita saurin da za su yi magana da shi.

Kamfanin tarho na Amurka ya fitar da modem na kasuwa mai suna Bell 101 a ƙarshen shekarun 1950, bayan an yi amfani da dabarar wajen haɗa na'urorin tsaron sararin samaniya na sojan ƙasar. Saurinsa bit 110 ne a daƙiƙa. A 1962 Bell 103 ya biyo baya da bit 300. Waɗannan duk akwatuna ne masu zaman kansu, na manyan ma'aikatu. Wanda ya shigar da modem cikin cikin ƙaramar kwamfuta shi ne Dennis Hayes da abokin aikinsa Dale Heatherington, a birnin Atlanta, a 1977. Sun ƙera shi a kan falle guda wanda ake sokawa cikin gurbi. Da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur a 1981, ya bar gurabe a kan babban allonta domin mai ita ya ƙara abin da yake so, sai wannan tsari ya zama abin koyi ga sauran maƙera. Daga nan sauri ya yi ta hauhawa: bit 28,800 a 1994, sa'an nan bit 56,000 a 1998, wanda shi ne kusan iyakar abin da hanyar murya za ta iya ɗauka.

Domin a gane ma'anar waɗannan alƙaluma, a ɗauki hoto guda mai nauyin bit miliyan 8. Modem na 1962 zai shafe fiye da sa'a bakwai yana jawo shi. Na 1998 kuwa zai gama cikin minti biyu da rabi, in layin yana da kyau.

Katin ciki ya fi akwatin waje araha, domin ba ya bukatar gida ko wayar wuta tasa, daga jikin kwamfutar yake shan lantarki. Amma yana da nasa aibu. Ba shi da fitilun da za su nuna wa mai shi inda matsala take. Mafi arahar cikinsu sukan ɗora wa ƙwaƙwalwar kwamfutar rabin aikinsu, ba sa kuma tashi sai da manhajar da ta dace da su. Mafi muni, in tsawa ta faɗa kan falwaya, wutar takan biyo layi ta ƙone katin, wani lokaci har da babban allon. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ake hadari mai tsawa daga watan Mayu zuwa Satumba.

5. Faffaɗan layi

Masu bincike sun daɗe da sanin cewa wayar jan ƙarfe tana iya ɗaukar abin da ya fi murya nesa ba kusa ba. Misalinta kamar babban titi ne wanda aka bar mutane suna bin gefensa kawai. A ƙarshen shekarun 1980 Joseph Lechleider, wani injiniya a Amurka, ya nuna cewa in aka ba saƙon da ke saukowa fili mai yawa, aka ba wanda ke hawa fili kaɗan, za a rage cuɗanyar da ke ɓata saƙo a cikin damin wayoyi. John Cioffi na Jami'ar Stanford kuma ya kawo dabarar tsaga filin gida-gida, kowane gida ya ɗauki gwargwadon ƙarfinsa. Daga nan aka sami abin da ake kira ADSL, wanda Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta amince da ƙa'idarsa a 1999. Saurinsa yana kai bit miliyan 8 a daƙiƙa, watau hoton nan da aka ambata zai sauko cikin daƙiƙa guda. A 2003 aka inganta shi zuwa miliyan 24. Daɗin daɗawa, mutum yana iya buga tarho alhali kwamfutarsa tana kan intanet, domin kowanne da nasa ɓangaren titin. Wannan shi ake nufi da faffaɗan layi.

An ƙera katunan ciki na irin wannan modem, an kuma sayar da su da yawa a Turai da Amurka da Gabashin Asiya a farkon shekarun 2000. Amma zamaninsu bai yi tsawo ba. Kati yana yi wa kwamfuta ɗaya aiki ne kurum, ga shi kuwa gidaje sun fara tara na'urori. Sai akwatin waje mai rarraba intanet ta iska ga duk mutanen gida ya maye gurbinsa.

Sharuɗɗan faffaɗan layi guda uku ne, kuma a kansu ne labarin ƙasar Kano ya rataya. Na farko, sai akwai wayar jan ƙarfe mai lafiya har cikin gida. Na biyu, kada nisan gidan daga ɗakin haɗa layi ya wuce kimanin kilomita 5, domin saƙon yana raunana da nisa. Na uku, sai kamfanin tarho ya kafa tasa na'urar a ɗaya bakin, ya kuma haɗa ta da babbar hanyar da ke fita ƙasashen waje. Ƙasashen da suka riga suka kai tarho kowane gida tun shekaru aru-aru, sai kawai suka ɗora sabon kaya a kan tsohuwar hanya. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

6. Katin modem a Kano

An kafa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, da Doka ta 75 ta 1992. A 1996 ta ba kamfanoni lasisin sayar da intanet, a farkon 1997 kuma kamfanin Linkserve ya fara aiki a Ikko. Cikin 'yan shekaru abin ya iso Kano da Kaduna da Zariya. Wanda ke da kwamfuta da layin NITEL mai lambar Kano, 064, yakan sa a soka masa kati, ya yi rajista da kamfanin intanet, ya riƙa bugawa. Kuɗi biyu yake biya, na kamfanin da na tarho, kuma muddin yana kan layi babu mai samun gidan a waya. Malaman jami'a da 'yan kasuwa masu hulɗa da ƙasashen waje da ƙungiyoyin agaji su ne suka fi cin moriyarsa. Ga malamin da a da yakan jira mako uku ko huɗu kafin wasiƙarsa ta kai Ingila amsa ta dawo, wannan babban sauyi ne.

Amma galibin katunan da suka shigo ƙasar nan ba su taɓa yin aiki ba. Sun zo ne a cikin kwamfutocin gwanjo da aka yi ta shigowa da su daga Turai da Amurka, aka ajiye su a ofisoshi da shagunan buga takardu inda babu layin tarho. Kwamfutar ta yi shekaru tana buga takardun jarrabawa da katin biki, katin modem yana cikinta bai taɓa jin ɗuriyar waya ba. Shi kuwa ADSL bai taɓa yaɗuwa a Nijeriya ba, domin lokacin da ya bayyana ya yi daidai da lokacin da NITEL ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. An yi yunƙurin sayar da ita a 2001 bai yiwu ba. An ba kamfanin Pentascope riƙonta a 2003, aka sayar wa Transcorp a 2006, gwamnati ta karɓe a 2009, daga bisani aka sayar da kadarorinta ga NATCOM a kan dala miliyan 252, aka miƙa su a 2015. Cikin waɗannan shekaru layukan suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka yawancin ɗaliban wancan zamani a shagon intanet suka fara ganin abin, inda ake biya da sa'a, kuma da yawa daga shagunan da farantin tauraron ɗan'adam suke aiki, ga janareta yana ruri a waje. In haka abin yake a cikin birni, sai a auna Beli, wadda ke da nisan fiye da kilomita 100 daga Kano a mota, da sharaɗin kilomita 5 da aka ambata. Ko da a ce wani malamin makaranta a can ya sayi kwamfuta da kati mafi tsada, ya kuma sami wutar da zai kunna ta, babu kafar da zai cusa wayarsa. Wannan shi ne tsallakewa na biyu, kuma ɗa ne ga na farko.

7. Zuwan wayar salula

A watan Janairu na 2001 NCC ta yi gwanjon lasisin GSM, kowanne a kan dala miliyan 285. Cikin watan Agusta na wannan shekara Econet da MTN suka fara aiki. Da fari abin na masu hali ne, ana biyan naira 50 a minti, kuɗin layi kuma ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Da Globacom ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sai farashi ya fara sauka. Zuwa 2012 layukan da ke aiki sun haura miliyan 100.

Sirrin wannan nasara yana cikin lissafin nan da ya hana tarho fita birni. Ƙarfen sabis guda yana ɗaukar gari da ƙauyukan da ke kewaye da shi ba tare da an ja wa kowa waya ba. Tarihin rediyo mai batir ya maimaita kansa. Shi ma modem sai ya sake kama. Ya fita daga cikin kwamfuta ya zama ɗan abu kamar yatsa wanda ake sokawa a gefenta, irin waɗanda Starcomms da Visafone da manyan kamfanonin salula suka yi ta sayarwa, musamman bayan an ba da lasisin 3G a 2007. Daga ƙarshe ya ƙanƙance ya shige cikin wayar hannu. Duk mai riƙe da waya a kasuwar Rogo yau yana riƙe da modem ne, jikan falle nan na 1977, ko da bai taɓa jin sunan ba.

8. Waya ba ta mutu ba

Kuskure ne a ɗauka cewa iska ta raba mutane da waya. Tsakanin wayar hannu da ƙarfen sabis saƙo yakan bi iska. Daga can yakan bi wasu turakun har ya faɗa cikin wayar gilashi da aka binne a gefen titi, ta kai shi Ikko, ya shiga teku. Wayar teku ta SAT-3 ta fara aiki a 2002, Main One da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano kuma ta iso a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024, da wasu daga cikin waɗannan wayoyi suka tsinke a tekun Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi har a Kano sun ji a jikinsu. Ƙarfen sabis da ba a haɗa shi da wayar gilashi ba kuwa, kome yawan sandunan da ya nuna a fuskar waya, abin da zai iya ɗauka kaɗan ne. Tambayar da aka yi a 1911 ita ce ake yi yau: ta ina za a ja waya, wa kuma za a tsallake?

Bambancin shi ne a da wanda aka tsallake bai rasa abin da ya saba da shi ba, yanzu kuwa gwamnati da kanta ta mai da harkokinta kan layi. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Lambar banki ta BVN ta zo a 2014, umarnin haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa ya zo a ƙarshen 2020. Albashi da fansho da neman aiki duk sun koma can. Yaron da ya tashi a Beli zai zauna jarrabawa ɗaya da wanda ya tashi a Nasarawa cikin birnin Kano, a gaban na'ura iri ɗaya, a ba su lokaci ɗaya. Mutanen wannan yanki sun kuma ga abin da rashin sabis ke jawowa a 2021, sa'ad da aka rufe layuka a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa don su buga waya ko su karɓi kuɗi. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙara nuna cewa cinikin buhun masara ma yana iya tsayawa in sabis ya ɗauke.

Hukuma ba ta jahilci matsalar ba. Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman domin kai sadarwa inda kamfanoni ba sa ganin riba. An yi shirin faffaɗan layi na 2013 zuwa 2018, aka bi shi da na 2020 zuwa 2025, wanda ya sa burin kashi 70 cikin 100. An kuma amince cewa kuɗin izinin binne waya kada ya wuce naira 145 a kowace mita, ko da yake jihohi da dama sun daɗe suna karɓar abin da ya ninka haka. Tauraron Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2023, yana iya sauka ko'ina, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gidajen karkara.

Kammalawa

Abubuwa uku ne suka fito daga wannan tarihi. Na farko, na'ura ba ta da amfani sai da hanyar da za ta hau. Ma'aikacin da aka ɗora wa sayen kwamfutoci domin makarantar ƙauye ko asibitin karkara, ya kamata kafin ya sa hannu ya tambayi inda wuta za ta fito, da inda layi zai fito, da wanda zai gyara in ta lalace. In ba haka ba, zai ƙara tulin da ke ɗakin ajiya ne kawai. Na biyu, hanya tana bin sawun hanya. Tangaraho ya bi soja, ya bi dogo, tarho ya bi tangaraho, wayar gilashi kuma tana bin manyan tituna. Garin da aka tsallake sau ɗaya, za a yi ta tsallake shi har sai an yanke shawara da gangan a karkata a bi ta kansa. Irin wannan shawara a ofis ake yanke ta, wajen tsara taswirar titi, da ƙayyade kuɗin izinin binne waya, da zaɓen inda za a kafa cibiyar jarrabawa. Na uku, lissafin riba shi kaɗai bai taɓa kai waya ƙauye ba, tun zamanin Lugga har zuwa yau.

Waiwaye adon tafiya ne. Ɗaliban da ke karatu yanzu su ne za su zauna a kujerun da za a zana taswirar wayar gilashi ta ƙasar Kano, da yawansu kuma daga garuruwa irin su Beli da Zarewa da Fulatan suka fito. Ran da taswirar ta zo gabansu, abin da ya kamata su fara dubawa shi ne filin nan da ke tsakanin dogon Kano da dogon Gusau, su ga ko an sake barinsa fari.